Fuska na fita da duhu a K1000 da gilashin Helios 44-2, ina matsalar take?

Sabon-hannu, Anguwan Rogo:

Assalamu alaikum, manyanmu a harkar hoto. Ina roƙon a duba mini wata matsala. Kyamarar Pentax K1000 ce, an ɗaura mata gilashin Helios 44-2 mai 58mm da adafta. Fim ɗin Kodak Portra 400 ne mai ɗauka 36, mitar auna haske kuma a 400 take. Duk hotunan mutane ne daga ƙirji zuwa kai, yawancinsu maza cikin farar shadda, wasu a tsakar gida da hantsi, wasu wajen duwatsun Shere, nan Jos, da yamma. Da aka wanke aka yi sikanin, sai fuskokin suka fito da duhu, inuwar ta yi launin ƙasa-ƙasa da yashi-yashi, amma rigar ta fito tas. Idanu ba su da kaifi, kunne ko aljihun riga ya fi su fitowa. Sannan akwai wani tabo ruwan lemo a gefen wasu hotunan, ba duka ba. Ko da yaushe sai allurar mita ta tsaya tsakiya nake dannawa. Fim ya yi tsadar da ba za a yi ta gwaji a makance ba. Laifin kyamara ne, ko gilashi, ko wurin wanki?

Baban Studiyo:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka zargi kowa, je ka karɓo nagatif ɗinka, ka ɗaga shi a taga. Dubi inda fuska take, ka gwada ta da ɗan filin da ke tsakanin hoto da hoto. In sun kusa zama ɗaya wajen haske, kamar babu komai a fuskar, to haske ne bai isa fim ɗin ba, kuma babu na'urar sikanin da za ta ƙirƙiro abin da bai hau ba. In kuwa kana ganin hanci da kumatu da layin gemu sarai a nagatif, to injin sikanin ne ya bi farar riga ya danne fuska, sai ka ce su sake, su daidaita da fatar mutum.

Amma zatona ya fi ƙarfi a kan gilashin nan. Helios 44-2 ba ya magana da K1000. Gilashin Pentax na asali yana da ƙananan hannaye biyu a baya, ɗaya na sanar da mita lambar ƙofar haske da ka zaɓa, ɗaya kuma na tsuke ƙofar da kansa lokacin da ka danna. Helios mai baki irin na M42 ne, wanda ake murɗawa kamar noti, ba shi da waɗannan hannayen. Zobe biyu gare shi a gaba: mai ƙas-ƙas da kake ajiye lamba da shi, da mai sulɓi da ke buɗe ƙofa ko tsuke ta zuwa lambar da ka ajiye. Mita kuwa hasken da ya shigo a daidai lokacin kawai take gani. To in ka auna ƙofa na buɗe a f/2, allura ta tsaya tsakiya, sannan ka tsuke zuwa f/5.6 ka ɗauka, ka yanke wa fim haske mataki uku ke nan, kowane mataki yana raba haske biyu, kashi ɗaya cikin takwas na abin da yake buƙata ya samu. Tsarin shi ne: ajiye lamba, tsuke, auna, zaɓi saurin labule (wanda ke buɗewa ya rufe a gaban fim in ka danna), buɗe ka yi fokas, sake tsukewa, sannan ka danna. Kada ka dogara da inda jan ɗigo ya nuna, yana rikita mutane da yawa. Juya gilashin ka leƙa ta gaba ka ga ganyayen ƙarfen suna rufuwa, hannunka ya haddace wane ɓangare ne buɗewa.

Abu na biyu, allura a tsakiya ba ita ce gaskiya ba. Mitar K1000 tana haɗa duk abin da ke cikin tagar da kake leƙawa ta kyamara ta ɗauke shi a matsayin toka-toka. Babbar riga fara ta cika rabin hoto, ga sararin sama a baya, sai mita ta ce haske ya yi yawa, ka rage. Kai kuma ka bi ta, fuska ta nutse. Maganinsa, ka auna tafin hannunka. Je ka tsaya inda mutumin yake, hasken da ke faɗa wa fuskarsa ya faɗa wa tafinka, ka cika taga da tafin ba tare da inuwar kyamara ta hau kansa ba, ka kawo allura tsakiya, sannan ka ƙara haske mataki ɗaya. Tafi ya fi toka-tokar da mita ke nema haske da kusan mataki guda. Da ka koma baya za ka ga allura ta tashi sama, rabu da ita.

Portra 400 kuma ka saita mita a 200. Fim mai launi irin na nagatif yana jure ƙarin haske har mataki biyu ba tare da ya lalace ba, amma ragin mataki ɗaya ma yana nunawa a inuwa, shi ne wannan ƙasa-ƙasa da yashin da ka gani. A wurin wanki ba sai ka ce komai ba, a wanke shi yadda aka saba.

Ga lissafin da za ka riƙe ko batir ya mutu, tun da labulen K1000 ba ya buƙatar batir, mita kaɗai ke ci. A 200, cikin rana tsaka, 1/250 ne a f/16. Iyakar saurin kyamararka 1/1000, wato f/8 ke nan, ba za ka iya buɗewa fiye da haka ba sai da filtar rage haske. ND8 mai bakin 49mm tana cin mataki uku, ta kai ka f/2.8. A inuwar gini mai kallon sarari kuwa, kusan 1/500 a f/4 ko 1/1000 a f/2.8, ba filta. Rufe gilashi da murfinsa in ba ka aiki, don mitar nan ba ta da makunni, haske na shiga tana shan batir.

'Yar Rayfield:

Abin da Baba ya faɗa kan awo haka yake, sai dai kada a ɗauka ƙara haske shi kaɗai ne ke fito da baƙar fata. In aka yi ta ƙarawa, sai a samu fuska mai toka-toka wadda mai ita ba zai gane kansa ba. Fatarmu tana nuna siffarta ne ta sheƙi. Goshi, karan hanci, saman kumatu da leɓen ƙasa suna ɗaukar hoton abin da ke haska su, kamar yadda tulu mai sulɓi yake yi. In abin da ke haskawa ƙarami ne mai zafi, irin ranar hantsi, sai ka samu farin ɗigo a goshi da ramuka biyu baƙaƙe a gurbin ido. In mai faɗi ne, sai sheƙin ya shimfiɗu a hankali daga goshi zuwa haɓa, fuska ta yi cika.

Saboda haka tsakar gida da hantsi ita ce mafi wahala. Muna kusa da tsakiyar duniya, rana ba ta daɗewa take hawa ka. Shigar da mutumin bakin zaure ko ƙarƙashin baranda, taku ɗaya ko biyu daga inda rana ta tsaya, ya fuskanci waje, kai kana waje ka ba rana baya. Sararin da ke bayanka ya zama fitilarka, duhun zaure ya zama bango, kuma farar rigar ta shiga inuwa ɗaya da fuska, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu. Juya shi kaɗan, kamar kwata, har ka ga ɗan haske ya sauka cikin ƙwayar idonsa duka biyu. In ba ka ga wannan ɗigon a ido ba, kada ka ɓata fim. A sa yaro ya riƙe farin kwali mai faɗin kamu huɗu ko biyar a daidai ƙirjin mutumin, ɗan gefe, ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa. Mai rawani ko mai malfa ya ɗan ɗaga haɓa, mace mai mayafi ta ja shi baya da yatsa biyu daga goshi.

Kula da abin da ke ƙasa da gefe, don fata na kwasar launinsa. Jar ƙasarmu in rana ta buge ta tana zuba ja a wuya da ƙasan hanci, ɗanyar ciyawar damina tana zuba kore, katanga mai shuɗin fenti ita ma haka. Shimfiɗa farin zane a gaban ƙafarsa yana kashe mafi yawan wannan. A hunturu kuma fata na yin fari-fari, a fim sai ta fito kamar an barbaɗa gari. A shafa mai kaɗan minti goma kafin a fara, a dangwale goshi da hanci da hankici. Kaɗan fa, in ya yi yawa ya zama madubi.

Batun ido kuwa lissafi ne. Da 58mm a f/2, mutum na nesa da kai mita ɗaya da rabi, abin da zai fito da kaifi bai wuce santimita 8 ba daga gaba zuwa baya. In ka matso mita ɗaya, ya koma kamar 3 da rabi. Numfashi ɗaya, naka ko nasa, ya isa ya kai kaifin kan kunne. A f/4 daga mita ɗaya da rabi kana da kusan santimita 15, kuma nan ne Helios yake fara kaifi har gefe-gefe. Zaunar da mutumin, ko ya jingina. Buɗe ƙafafunka, manne gwiwar hannu da haƙarƙari. Yi fokas a kan gashin idon da ya fi kusa da kai, ƙofa a buɗe, saboda ɗigon tsakiyar taga yana yin duhu in an tsuke. Da ka kama, kada ka ƙara taɓa zoben fokas, yatsa ɗaya ya tsuke ƙofa, in an motsa ka gyara da jikinka gaba ko baya. Kada ka sauka ƙasa da 1/125 a hannu.

Kuma kada ka matso ƙasa da mita ɗaya da ɗan wani abu don cika taga da fuska. Gilashin zai yarda har rabin mita, amma hanci zai girma, kunnuwa su gudu baya. Daga mita ɗaya da rabi, kyamara a tsaye, kana ɗaukar kusan santimita 90 a tsayi, daga hula zuwa ciki, ya wadatar.

Juyawar bango da aka san Helios da ita, inda abin da ke bayan mutum ke fitowa kamar yana kewaya shi, sai a f/2 take fitowa sosai, kuma sai da bango mai ɗigo-ɗigon haske, kamar rana na ratsa ganyen mangwaro mita biyar zuwa goma a bayan mutum. Fuska ta zauna tsakiyar hoto, don a f/2 tsakiya kaɗai ke da kaifi. Duwatsun Shere ba za su ba ka ita ba, sumul suke. Sa wa gilashin hular tare rana, shafin hana ƙyalli da ke kansa na da ne, rana na taɓa shi hoto ya dushe.

Mai gyara, Dilimi:

Malam, tabon lemo nawa ne. Dubi nagatif ɗin: in tabon ya tsallake iyakar hoto ya hau kan ramukan gefen fim, haske ne ke shiga ta ƙofar baya. Abin da ya shigo ta gilashi ba ya wuce murabba'in hoto. Launin ma shaida ne, hasken da ya bugi fim ta bayansa ja ko lemo yake fitowa. Dalilin da ya sa ba kowane hoto ba, sai wanda ya daɗe yana jira a kusa da hinjin ƙofa kyamara tana rana.

An fara K1000 a 1976, an daina a 1997, ko autarsu ta haura shekara ashirin da biyar. Soson da ke toshe ƙofa ya narke ya zama baƙin danƙo. Taɓa wajen hinji da tsinken sakace, in ya manne, shi ne. Kayan aiki: tsinken sakace, tsinken auduga na goge kunne, sifirit, soso baƙi mai gam a baya kaurin milimita 1 zuwa 1.5, da baƙin zaren ulu irin na saƙa. Yanka kwali ka rufe labule da shi tukuna, don labulen yadi ne, ɗigon danƙo ko tsinke ɗaya ya gama da shi. Jiƙa tsohon soson da sifirit kaɗan, ka kankare da tsinke, ba da ƙarfe ba. Siraran kwatoci biyu na sama da ƙasa, tura zaren ulu a ciki, ba ya buƙatar gam, amma a na sama akwai ɗan ƙarfen da ke mayar da lambar ƙirga hoto sifili, tsallake shi, kada ka binne. A hinji ka manna soso tsawon wurin. Akwai wani soson a saman inda madubi ke bugawa in ya tashi, shi ma canza shi, amma ka kifa kyamara yadda ɓurɓushi zai faɗo waje. Sifirit kada ya taɓa farantin fokas da ke sama da madubi, roba ne, zai yi fari har abada. Kafin ka samu kaya, baƙin salatif na masu wayarin a zagaye ƙofa bayan ka sa fim yana tsare naɗi guda.

Tun da bayan a buɗe yake, cire gilashi ka kalli farar katanga ta cikin labule, ka danna a 1/1000 da 1/500. Ya kamata ka ga murabba'in duka ya haska daidai. In gefe ɗaya ya fi duhu, labule na biyu na kamo na farko, tsaya a 1/500 zuwa ƙasa har a yi mata sabis.

Wasu za su ce maka adafta ce ta hana ido kaifi. A'a. Nisan gilashi da fim a M42 da na Pentax K ɗaya ne, milimita 45.46, shi ya sa adaftar kirki take nutsewa cikin bakin kyamara. Mai leɓe a waje tana tura gilashi gaba, sai ka rasa fokas na nesa, amma a mita biyu abin da ka gani a taga shi fim ya gani. In kana zargin madubi ya goce, manna salatif mai hazo-hazo a kan dogayen ƙarafan da fim ke kwanciya, sa labule a B, inda yake zama a buɗe muddin kana danne, ɗora kyamara kan tebur, yi fokas ta taga a kan rubutun kalanda daga mita ɗaya da rabi, sannan ka riƙe labule a buɗe ka duba salatif ɗin da gilashin ƙara girma. In rubutun ya fito a nan ma, kyamara ta fita, saura hannu da ido. Mai sa tabarau ya ɗauka da tabaransa.

Ajiya kuma kala biyu ce a Jos. Damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, funfuna ke cin gilashi: fitar da shi daga jakar fata, sa shi a robar da ke rufuwa gam da ƙullin silika, kana haska tocila ta baya lokaci-lokaci ka duba zare-zare kamar saƙar gizo. Hunturu kuwa ƙura: hura kafin ka goge, in ba haka ba yashi kake murzawa. Kuma naɗe fim a hankali in ya ƙare, busasshiyar iska da sauri suna haifar da tartsatsi mai barin zane kamar reshen bishiya a hoto.

Sabon-hannu, Anguwan Rogo:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Na duba: tabon ya hau ramukan gefe, soson hinji ya zama danƙo, fuskokin kuma kusan fayau suke a nagatif. A buɗe nake aunawa sannan in tsuke, kamar yadda Baba ya zata. Saura biyu: wane fim ne mai sauƙi da zan koyi awo da shi, kuma sai na sayi 85mm ko 100mm kafin in samu hoton fuska na kirki?

Mai ɗakin duhu:

Ɗan'uwa, koma baƙi-da-fari ka wanke da kanka. Mai launi yana son sinadarin C-41 a digiri 38 ba ɗagawa ba saukarwa, baƙi-da-fari kuwa digiri 20 yake so, kuma sanyin Jos ya sa ruwan safiya a hunturu ba ya nisa da haka. Ilford HP5 Plus 400 ko Kentmere 400, wanda ya fi araha. Ba ka buƙatar ɗaki, jakar duhu ta isa ka naɗa fim a kan faifai ka rufe tanki, sauran aikin a fili ne.

Ga HP5 a ID-11, sinadarin Ilford mai fito da hoto: sinadari 150ml, ruwa 150ml, digiri 20, minti 13. Kifa tanki ka tayar sau huɗu a daƙiƙa goma na farkon kowane minti, ka ɗan buga gindinsa a tebur kumfa ta saki fim. In ruwan ya kai 24, rage zuwa kusan minti 9, ko ka sanyaya shi da ƙanƙara a leda. Zubar, ɗauraye da ruwa, sai fiksa, sinadarin da ke tabbatar da hoto a fim, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, minti 5. Wanki: cika tanki ka kifa sau 5 ka zubar, sake sau 10, sake sau 20. Duk ruwan su kasance kusa da juna a zafi. Ruwan rijiya ko na burtsatse a tace shi da kyalle mai laushi, na ƙarshe kuma ya zama tataccen ruwa da ɗigon sinadarin hana tabo. Shanya a banɗaki bayan ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, rufe ƙofa awa biyu, kada ka leƙa.

A naɗin farko, mutum ɗaya, wuri ɗaya, ɗauki uku-uku: yadda tafin hannu ya ba ka, da ƙarin mataki ɗaya, da ragin mataki ɗaya. Rubuta lambar kowane hoto a takarda. Naɗi guda zai nuna maka inda mitarka da tafinka suka tsaya. Filta ruwan ɗorawa tana ɗan haska fata ta lafar da tabo, tana cin mataki ɗaya, amma tun da mitarka ta cikin gilashi take gani, za ta lissafa da kanta.

Baban Studiyo:

Kan gilashi, kada ka yi gaggawa. Nisa ne ke gyara siffar fuska, ba lambar gilashi ba. Dogon gilashi yana ba ka damar cika hoto ne daga nesa. Da 100mm daga mita biyu kana samun kai da kafaɗa. In kuɗi ya samu, nemi SMC Pentax-M 100mm f/2.8 ko 85mm f/2: bakin K ne, ba adafta, suna tsuke kansu, mita na karanta su a buɗe, kuskuren da ya cinye maka naɗin nan ba zai sake faruwa ba. Jupiter-9 mai 85mm yana da laushi mai kyau a fata, sai dai yawancin na M42 zobe biyu ne kamar Helios, aikin hannu ɗaya ne. Wanda duk za ka saya, haska tocila ta cikinsa, sannan ka kaɗa ɗan hannun baya ka ga ganyayen sun rufe farat ɗaya. In suna jan jiki ko ka ga sheƙin mai a kansu, za su makara wajen tsukewa, hoto ya sha haske fiye da awo, sai ka cire kuɗin wanke su daga farashin.